Ajin Kurame a Rano

'Yata ta fari ba ta ji. Da jinta aka haife ta, har ta fara cewa "Umma" da "ruwa", sai sanƙarau ya kama ta tana shekara biyu. Ta tashi daga ciwon da ranta, alhamdu lillahi, amma kunnen ya tafi, 'yan kalmomin da ta iya ma suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

A gidanmu na Kibiya ni kaɗai nake gane ta. Ni da ita muka ƙirƙiro maganarmu ta hannu, ba wanda ya koya mana. In ta shafa ciki, yunwa take ji. In ta ja gemun da ba ta da shi, babanta take nema. In ta ɗora yatsu biyu a ka, akuyarta ce, wata ja mai farin goshi da kakarta ta ba ta. Mutanen gida kan leƙo su ce, "Zo ki ji abin da 'yarki take so," in bar tuƙin tuwo in je in fassara. A al'ada uwa tana kunyar 'yar fari, ba ta janta a jiki a gaban mutane. Ni an ɗauke mini wannan, tunda ba yadda za a yi, kuma ina jin daɗin hakan ƙwarai.

Da ta kai shekara shida maganar makaranta ta taso. Ni firamaren unguwarmu nake so, wadda ake hango rufinta daga ƙofar gida. Mun gwada. Ta yi 'yan makonni tana zuwa, ta zauna a bayan aji tana kallon bakin malami, in yara sun tashi ta tashi, in sun zauna ta zauna. Malamin mutumin kirki ne. Da ƙafarsa ya zo ya gaya wa maigidana cewa yaran sun yi masa yawa, kuma bai san ta inda zai shigar mata da karatu ba.

Maigidana manomin albasa ne, yana yawan shiga Kano da kaya, a can ya ji labarin makarantar kurame ta kwana. Ya dawo da maganar a bakinsa.

Na ce, "Malam, yarinyar da ko wanka ba ta gama iyawa ba? In zazzaɓi ya kama ta, wa zai gane?"

Ya ce, "To kawo wata shawarar. Zaman bayan aji dai ba karatu ba ne."

Yayata ce ta kawo shawarar. A Rano take aure, 'ya'yanta duk maza ne, sun girma sun bar mata gida. Ta zo duba mu, ta ce wata firamare kusa da ita ta ware aji guda don yara kurame, kuma malamar ajin ita ma kurma ce, a Kano ta yi karatunta. Ta ce mu je mu gani da idonmu, ba a sayen gani.

Muka shiga mota da safe, ni da Malam da yarinyar, Yaya ta tare mu a tasha. Na zaci zan tarar da aji shiru kamar gidan makoki. Na tarar da hayaniya, sai dai ba ta baki ba. Benci na ƙara, ana buga ƙafa a ƙasa, hannuwa na tashi ta ko'ina, wani yaro yana dariya da dukkan muryarsa. Malamar doguwa ce, matashiya, da tabarau. Ta gaishe mu da murmushi, sannan ta durƙusa daidai tsayin 'yata.

Tun daga gida yarinyar take riƙe da gefen hijabina. Malamar ta nuna mata hoton akuya a jikin bango. 'Yata ta ɗora yatsu biyu a ka. Malamar ta yi dariya, ta kwaikwaye ta, sannan ta nuna mata yadda su suke yi. 'Yata ta gwada. Ban san lokacin da ta saki hijabin ba, sai dai na ji gefen ya yi sakayau. Ta bi matar daga hoto zuwa hoto, ko waiwaye babu. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon baƙuwar da ba ta taɓa goya ta ba, ba ta kwana da ita a asibiti ba, tana samun abin da na sha wahala kafin in samu.

A hanyar komawa na yi ta zano laifin wurin. Taga ɗaya ba murfi. Randar ruwansu a buɗe. Malamar yarinya ce, gobe za ta yi aure ta tafi. Malam ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Kin kalli fuskar 'yarki kuwa?"

Na kalla mana. Abin da ya dame ni ke nan.

Kai ta Rano kullum a dawo da ita ba zai yiwu ba, balle da damina. Aka tsayar cewa za ta zauna wurin Yaya, ta riƙa zuwa gida ƙarshen mako. Yaya ta ce, "Ai 'yata ce. Ko ba makaranta da ma na so in roƙe ku ita." Babbar yaya ta faɗi haka a gaban surukata, me zan ce? Na yi kara, na yi godiya, na haɗa kayan yarinyar da hannuna.

Da farko in an kawo ta ran Juma'a da gudu take faɗowa jikina, in ji sanyi a raina. Amma Yaya ba ajiye ta kawai take yi a ƙofar makaranta ba. Malamar ta ware rana guda a mako da iyaye za su zo su koyi maganar hannu, Yaya kuwa ba ta fashi, sauran ranakun ma sai ta tsaya a taga. Ita da ma mai surutu ce, ko da baki take magana hannunta ba ya zama. Kafin shekara ta zagayo hannun 'yata ya yi saurin da ba na iya bi. Sai ta yi mini magana in ce ta sake, ta sake, in kasa. Daga nan sai ta juya tana neman Yaya da ido. Wannan juyawar ita ce ba na so.

Da dogon hutu Yaya ta kawo ta da kanta, ta tsaya cin abincin rana. Muna zaune a tsakar gida, yarinyar ta je ta tsaya wurin turken da babu komai a kansa, ta dawo ta zauna gaban Yaya ta fara magana. Doguwar magana ce, fuskarta a ɗaure. Na ga Yaya ta ajiye cokali.

Na ce, "Yaya, me take cewa?"

"Maganar akuyarta take yi."

An daɗe da sayar da akuyar, tun kafin zancen makaranta, wata shekara da ake neman taki. A lokacin na yi mata alamar akuya, na watsa hannu, wato ta tafi. Iya abin da maganarmu za ta iya ɗauka ke nan.

Yaya ta ce, "Wai ita ce ta bar ƙofa a buɗe ranar, akuyar ta fita ta ɓata. Wai ta yi ta nemanta a bayan gida da wajen rijiya, tana tsoron kar babanta ya gane ita ce. Tambaya take ko har yanzu yana fushi."

Na tuna kwanakin. Ta daina cin abinci, na zaci ciwon shawara ne, na yi ta ɗura mata jiƙo. Ashe abin da ke cikinta ke nan, ta riƙe shi ita kaɗai tana kwana a bayana.

Yaya ta yi mata bayani, na ga alamar kasuwa, na ga ta babanta. Yarinyar ta daɗe tana kallonta, sannan ta juyo gare ni ta yi wata gajeriyar alama. Ban jira an fassara ba, na san tambayar. Amma amsar sai da na ce, "Yaya, ki ce mata ban san yadda zan gaya mata ba ne." Maganar da ta fi kowace nauyi tsakanina da 'yata, ta bakin wata ta zo, ta hannun wata ta koma.

Bayan Yaya ta tafi na ce wa Malam a dawo mini da yarinya. Na ce ta rame, na ce Yaya na sangarta ta.

Ya ce, "Ba ta rame ba. Kishi kike da 'yar'uwarki?"

Na ce, "Eh."

Bai yi tsammanin amsar ba. Ya ci gaba da gyara igiyar buhu, can ya ce, "Yarinya dai ba za ta bar karatu ba. In abin ya dame ki, ki riƙa zuwa ke ma. Zan riƙa kai ki a babur."

Haka na fara zuwa ajin iyaye da goyo a bayana. Malamar ba ta yi auren da na yi mata fata ba, tana nan, ga haƙuri. Yaya kan zauna kusa da ni, ta riga ta yi nisa, in na murguɗe yatsa sai ta kamo hannuna ta gyara, ni kuma in janye. Wata rana mun fito ta ce, "Ni fa ban ƙwace miki ita ba."

"Na sani, Yaya."

"To me ya sa in kin zo gidana ba kya cin abincina?"

Ranar na ci, har na ƙara. Muka yi dariya, amma abin bai fita daga raina ba, ya dai samu wuri ya kwanta.

Yanzu 'yata tana sakandare, a waccan makarantar kwana ta Kano da na ƙi tun farko, kuma ita ta zaɓa. Tana rubutu da kyau, tana ƙaunar lissafi. Ina iya hira da ita, sai dai na lura tana rage mini saurin hannu, kamar yadda ake yi wa tsohuwa magana. Da Yaya ba ta ragewa. In an yi hutu motar tana fara biyowa ta Rano, don haka can take sauka ta kwana, washegari ta ƙaraso.

Hutun da ya wuce na sayi man kitso na ajiye, na wanke matsefi. Ta iso da azahar, ta cire ɗankwali, sai ga shuku sabo fil, hannun Yaya ne, ko a mafarki na san shi. Na ce ya yi kyau. Na bar shi ya ɗan kwana biyu, sannan na ce gaban ya matse da yawa, zai cinye mata gashi. Ta kalle ni ta gefen ido, ta ɗauko kujera ta zauna a gabana.

Mai kitso a baya take zama, hannuwanta kuma a cikin gashi, ba halin magana. Sai ta jingina madubi a jikin turmi yadda za mu ga juna, ta shiga ba ni labarin wata 'yar ajinsu da ta ɓoye ɗan kyanwa a ɗakin kwana har ya girma. Na gane kusan duka. Inda ban gane ba na gyaɗa kai, na ci gaba da tsifa.