Daka a Gindin Taga

Tun da maigidana ya rasu barci ya ƙaurace mini. In kwanta, in tashi, in leƙa tsakar gida, in koma. Jikata ta ce tunda zaman ya gagara, in riƙa ba ta labarinsa tana rubutawa. Ni ban san baƙi ba, sai dai in faɗa. In kuka ya zo mini, ta ajiye alƙalami ta jira.

Lokacin da aka kawo ni gidansu a Fagge, Turawa ba su tafi ba. Shi ɗalibi ne a makarantar koyon malanta, kuma shi ke wakiltar makarantar a gasar gudu. Da an sallame sallar asuba zai sa gajeren wando ya bi gefen titin jirgi, 'yan dakon tasha suna tsokanarsa: “Malam, wa ya biyo ka? Tsaya mu rama maka!” Ya dawo, ya watsa ruwa, ya tafi makaranta. Bayan magariba kuma ya wuce Sabon Gari, wurin wani malami ɗan ƙabilar Ibo da ke ƙara masa lissafi da Turanci, saboda jarrabawar shiga babbar makaranta a Zariya. Ya riga ya faɗi sau ɗaya. In ya sake faɗuwa, shekarunsa sun wuce, ba za a ƙara karɓarsa ba.

Ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, barci ya rasa. Malamin ya ce masa, “Kullum gyangyaɗi kake zuwa yi mini a kan littafi. Ko ka bar gudu, ko ka nemi barci.” Gudu kuwa ba ya baruwa, don shugaban makaranta da shi ya dogara a gasar lardi.

Lokacin da ya rage masa shi ne bayan la'asar. A nan ne Inna, mahaifiyarsa, ta kafe. A wurinta barcin la'asar hauka yake kawowa, kuma tana da sunayen waɗanda ya haukata.

Ta kira ni ta ce, “Ke amarya, in kin ga ya kishingiɗa, ki tashe shi.”

Na sunkuyar da kai. Ni da ko sunansa ba na iya faɗa, ina ni ina girgiza shi da rana?

Ta ce, “To ja turmi gindin tagarsa ki yi daka. Zai tashi.”

Ranar farko ya fito ido jawur, ya dube ni ya ce, “Haba, har da ke?” Na shige madafa na sha kuka.

Daga baya na lura da wani abu. Ba ƙarar ce ke tashinsa ba, farawa da tsayawa ne. In na fara tun kafin ya kwanta, na riƙe bugu ɗaya, ba sauri ba jinkiri, sai in ji numfashinsa ya sauka. Inna tana ɗakinta tana kaɗin auduga, idonta ya yi rauni, tana jin taɓarya hankalinta kwance.

Geron gidanmu bai isa wannan aiki ba, sai na shiga karɓo na maƙwabta. Wata Bayarabiya mai sayar da atamfa ta miƙo mini masararta tana dariya: “Amarya, wannan daka naki ko inji ya san da zamanki!” Tafina ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta.

Amma ni ma tsoro nake ji, don a gidanmu ma haka aka ce da barcin la'asar. Ina daka ina salati. In ya yi murmushi shi kaɗai, gabana ya faɗi. In ya tsura wa bango ido yana haddar lissafi, in ce shi ke nan, haukan ya fara. Shi yana samun barci, ni nawa yana guduwa.

Ana dab da jarrabawa, sai ga Inna ta fito tana laluben bango har bakin tagar. Minsharinsa ne ya tona mu. Hannuna ya tsaya a sama. Sai ta ce a hankali, “Sauke, kada ya firgita. Ci gaba yadda kike yi.”

Da ya tashi ta sa shi gaba. “Wace ce ni? Yau wace rana? Jero mini kakanninka.”

Ya jero su, har ya ƙara da wata goggo da ita ta manta.

Ta ce, “To. Ban yarda ba fa. Amma in haukan ne, ya jira a gama jarrabawa.” Daga ranar ita ke zama a bakin ƙofarsa da carbi, tana tofa masa addu'a har ya farka.

Ya ci jarrabawar. Ranar da zai hau jirgin Zariya, mata ba ma rakiya zuwa tasha, a soro muka tsaya. Ya durƙusa wa Inna ta sa masa albarka. Da ya zo wucewa ta gabana, gaban mutane, tafin hannuna kawai ya kalla, ni kuma na tura shi cikin mayafi. Allah ya jiƙansa. Ɗan dakata, 'yar nan, in share ido.