Inda Kaset ɗin Yake Tuntuɓe

Maishanu dai bai taɓa mallakar ko ɗan maraƙi ba. Kakansa ne ya zo Jalingo daga Katsina da fataucin shanu, sunan ya bi gida ya liƙe wa jikan da ko kaza bai iya kiwo ba. Sunansa na yanka Abdulsalam, amma in ka shiga unguwar Majidaɗi kana cigiyar Abdulsalam sai ka gaji da yawo. Ka ce Maishanu mai tura waƙa, yanzun nan za a nuna maka shagon: shuɗiyar ƙofar kwano, benci ɗaya, tsohuwar kwamfuta, da dattijo mai furfura yana gyaɗa kai ga kiɗan da ko jikokinsa suke cewa ya cika hayaniya.

Sana'ar ta sha sauya kama a hannunsa. Ya fara da ɗaukar kaset tun Jalingo tana cikin jihar Gongola, ya koma faifan sidi, ya koma memori, yanzu kuma waya ake miƙo masa ya zuba. Mutumin akwai bin diddigi. Ba zai tura maka waƙa ya ƙyale ka ba, sai ya ji inda ka fara jin ta, wa kake so a lokacin, kuma me ya sa ita ba waccan ba. Matarsa Furera takan ce da aikin ɗan sanda ya shiga, da tuni ya zama babba.

Wanda ya fi shan wannan tambaye-tambaye shi ne amininsa Nehemiya, ɗan Mumuye mai gyaran rediyo a unguwar Sarkin Dawaki. Rikodar Maishanu ce ta haɗa su suna samari, ta cinye kaset, aka kai gyara, daga nan ba su sake rabuwa ba. Nehemiya na da lasifika biyu da baki mai kaifi, Maishanu na da kasa-kasai da kunne. Sai suka shiga yi wa mutane kiɗa a wurin biki, da suna, da taron kammala makaranta, na Musulmi da na Kirista duk ɗaya.

A cikin shekarun tamanin ne wani direba ya taho musu da kaset daga Jos. Baƙaƙen Amurka ne, amma ba rerawa suke ba, magana suke zubawa a kan ganga, kowace kalma na faɗawa daidai inda kiɗa ya faɗa. Maishanu ya saurara har ƙarshe, ya juya kaset ɗin, ya sake saurara.

"Wannan ai gambara ce," in ji shi. Yana nufin masu yawon nan da 'yar ganga a kasuwa, masu jero zance da habaici har mutum ya riƙe ciki don dariya. Ya sha ganin su yana yaro.

Nehemiya ya ce sam. Shi ya karanta a wata mujalla cewa samari ne a wata unguwar talakawa ta birnin New York suka ƙirƙiro abin. Sukan sa faifai iri ɗaya a kan na'ura biyu, su riƙa maimaita wurin da ganga take ita kaɗai, daga wannan a koma wancan, wani kuma ya riƙe makirfo yana zuga masu rawa. Shi ne aka sa wa suna hip-hop. "To ina gambara a nan?"

"Na'urar tasu ce, na yarda. Bakin fa? Daga ina kakanninsu suka tafi da shi?"

Wannan gardama ta fi wasu aurarrakin daɗewa. An yi ta a shago, an yi ta a kan babur, an yi ta ranar da aka ba Taraba jiha kowa na murna, kuma har yau babu wanda ya sauka daga kan bakansa.

Su dai ba su da na'ura biyu, amma suna da rikoda mai cin kaset biyu. A ɗaya daga waƙoƙin akwai wurin da komai yake yin shiru sai ganga, ɗan gajere, kafin ka gyara tsayuwa ya wuce. Maishanu ya zauna ya ɗauki wurin a sabon kaset, ya danne maɓallin dakatarwa, ya mayar da na farkon baya, ya sake ɗauka, ya sake dannewa. Haka ya wuni yana ɗinka guntun kiɗa da guntun kiɗa har ya samu ganga zalla mai tsawon da za a yi rawa a gaji. Aiki ne na babban yatsa, kuma yatsan Maishanu bai yi kuskure ba sai wuri ɗaya. Can a tsakiya ya makara da ɗan kaɗan, kiɗan ya yi tuntuɓe, ya bar wani ɗan rami na shiru, sannan ya ci gaba.

Ya so ya goge ya sake, Nehemiya ya fizge kaset ɗin ya sa a aljihu. Ashe ya samu abin yi da shi. A wurin biki sai ya riƙe makirfo ya hau kan gangar da Hausarsa ta 'yan gari, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Ya gai da mutanen Turaki, ya gai da na Majidaɗi, ya gai da na Sarkin Dawaki, ya tsokani amarya, ya tsokani ango. Daidai nan tuntuɓen yake faɗowa, shi kuma ya cusa magana a ramin: "Maishanu ya yi barci." Maishanu daga bayan lasifika ya amsa, "Idona biyu." Wuri ya kaure da shewa. Abin ya zama al'ada, har masu rawa kan tsaya cak suna jiran sa. Maishanu kuwa yana dariya ne kawai a fuska. A ransa abin na ci masa tuwo a ƙwarya, don shi mutum ne da ba ya son a ga aibu a aikinsa.

Zamani ya tafi, samari masu kwamfuta suka karɓe bukukuwa, kaset ɗin ya ɓace a wani tashin shago. Abota dai ta tsaya, da gardamarta.

Bara da damina hawan jini ya kayar da Nehemiya a bakin teburinsa. Ya tashi da shanyewar ɓarin dama, kuma maganar ta tafi. Mutumin da ake roƙo ya yi shiru, yanzu sai ido. Maishanu yakan je kullum bayan la'asar ya zauna kusa da shi a baranda, ya yi ta zuba shi kaɗai. Har gambara ya sha jefa masa da gangan, ko zai ji haushi ya tanka, amma ko gira bai ɗaga ba. Abin da ke damun Maishanu, wanda bai iya faɗa wa kowa ba sai Furera, shi ne bai sani ba ko abokinsa yana gane shi, ko kuwa wani baƙo yake gani mai yawan surutu.

Sai 'yar Nehemiya, Hope, ta zo daga Abuja inda take aiki. Ta ce ƙarshen wata za ta tafi da mahaifinta can, kusa da likitoci. Ta kuma ce mai koya masa motsa jiki ya ba da shawarar a riƙa sa masa waƙoƙin da yake so.

"Baba, kai ka san su," ta ce wa Maishanu. "Ni na coci kawai na sani."

An zo fagen Maishanu. Ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya shiga tsefe rayuwar abokinsa shekaru goma-goma. Daga yarintar Nehemiya ya zaɓo kiɗan jita na Kudu maso Gabas da babansa yake kamawa a rediyo. Daga samartaka ya zaɓo disko da rege, da waccan waƙar Amurka mai ganga a ciki. Ya zaɓo makosa ta Kamaru wadda aka yi rawarta a bikin Nehemiya da matarsa Judith. Ya zaɓo wata waƙar fim ɗin Hausa mai fiyano, wadda Nehemiya yake zagi a fili yana rerawa a ɓoye. Ya ƙara da ta yaran Legas na yanzu guda ɗaya. Kowacce sai da ya yi shari'a da kansa a kanta, ya cire, ya mayar, ya sake cirewa.

Ya kai, aka kunna. Judith ta share hawaye a makosa, Hope ta yi dariya a waƙar fim. Nehemiya na kallon bishiyar mangwaro. Amma Maishanu ba fuska yake kallo ba, hannun hagu yake kallo, mai lafiyar. Da waƙar Amurka ta kai wurin ganga, sai yatsa ɗaya ya fara bugun hannun kujera. Da sauran kayan kiɗa suka dawo, yatsan ya tsaya.

Ya koma shago da sauri har ya manta hularsa. Ai yanzu abin ba wuya. A kwamfuta ya yanko gangar, ya jera ta sumul, babu ɗinki babu tabo. Ya saurara ya ji daɗi har cikin ransa, don ga aikin nan ya fito yadda ya so shi tun yana saurayi.

Washegari aka kunna. Yatsa ya kama bugu tun daga farko, har leɓe ya ɗan motsa. Ana cikin tafiya sai yatsan ya tsaya a sama, yana jira. Ganga ta wuce abinta. Nehemiya ya sauke hannu, ya juyar da kai wajen bango, bai sake juyowa ba har aka kashe.

Judith ce ta raka Maishanu ƙofa. "Baban Zakiyya," ta ce, don da sunan 'yarsa ta fari take kiran sa, "wannan ba naku ba ne. Naku yana faɗuwa. Ni a wurin faɗuwan nan na fara ganin shi."

Maishanu ya tsaya riƙe da babur. Wato abin da ya shekara talatin da wani abu yana jin kunyarsa, shi mutumin yake jira. Kunya ta kama shi, sai kuma wani irin farin ciki, don mai jiran tuntuɓe ai ya san wanda ya yi tuntuɓen.

Zai iya yanka rami a kwamfuta, amma ya san kunnen Nehemiya. Mai gyaran rediyo ba za a yi masa wayo da shiru mai tsabta ba, sai da ɗan ƙaras ɗin nan na maɓalli da shuuu ɗin zare. Ya jawo tsohuwar rikoda daga ƙarƙashin tebur, gidan gizo-gizo ya cika ta, bel ɗin robar da ke juya kaset ya narke. Da can wannan aikin Nehemiya ne. Ya yanko roba daga tsohon tub na keke, ya yi ta gwadawa har ta juya daidai. Sabon kaset kuwa ko na magani babu a kasuwa, sai ya samo tsofaffi biyu, ya toshe ramukansu da takarda don su karɓi ɗauka. Ya juye waƙar a ɗaya, ya fara ɗinki a ɗayan.

Nan fa yatsa ya nuna masa shekaru. Da can kuskure ɗaya ya yi a wuni guda, yanzu kuwa ko'ina tuntuɓe, ban da inda ake so. Ga kuma tambayar da ta fi wuya: a ina ainihin wurin yake? Babu abin da zai tuna masa sai bakin Nehemiya. Don haka masu wucewa ta Majidaɗi a kwanakin nan suka riƙa jin dattijo shi kaɗai a shago yana gai da mutanen Turaki, yana tsokanar amaryar da babu ita, yana danna maɓalli. Furera ta leƙo da abinci ta ce in abin ya kai ga rawa a aiko a gaya mata.

Ana saura kwana kaɗan tafiya ya gama. Ya ɗaure rikodar a bayan babur ya nufi Sarkin Dawaki da la'asar. Akwatunan Hope na jere a falo. Ya ajiye rikodar a ƙasa kusa da ƙafar Nehemiya, ya koma bayan kujera ya tsaya, inda ya saba tsayawa bayan lasifika, ya ce wa Hope ta danna.

Zare ya yi shuuu, ganga ta shigo. Yatsa ya kama. Maishanu na bin gaisuwar a zuci, Turaki, Majidaɗi, Sarkin Dawaki, kuma daga inda yake yana ganin muƙamuƙin abokinsa na motsi tare da shi. Amarya ta wuce, ango ya wuce. Yatsan ya tsaya a sama. Ƙaras, kiɗa ya yi tuntuɓe.

"Mai...shanu," in ji wata murya mai nauyi, a karkace. Ganga ta dawo ta wuce ta bar shi, amma bai fasa ba, ya ja maganar har ƙarshenta. "Ya yi... barci."

Judith ta toshe baki da gefen zani. Hope ta durƙusa a gaban mahaifinta. Shi kuwa Nehemiya ba su yake nema ba, wuya yake ta ƙoƙarin juyawa baya, yatsan nan har yanzu a sama.

Maishanu ya sunkuyo ta bayan kujera. Ya yi gyaran murya, ya dafa kafaɗar abokinsa ta ɓangaren da yake ji.

"Idona biyu, Nehemiya," ya ce. "Idona biyu."

Sannan yatsan ya sauka a kan hannun kujera, ya ci gaba da bugu.