Yawon Jirgin da Ya Raba Ni da Ƙanwata

A shekarun da ake ginin dam ɗin Kainji, ni matar masunci ce mai goyon fari, muna zaune a wani gungu, wato tsibiri, a tsakiyar kogin Kwara ƙasa da Yelwa. Yau na tsufa, mijina ya rasu, idanuna sun yi rauni. Ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubuta mini, ina faɗa ina share hawaye, domin abin nan ko mijina ban gaya masa ba har ya koma ga Allah.

Mu biyu ne mata a wurin Inna, ni da ƙanwata. Duk gungunmu an san ni da dafa kifi. In na ɗora giwan ruwa da albasar lambunmu da daddawa, maƙwabta har leƙowa suke ta kan darni suna tambayar wane baƙo muka yi. A hannuna ƙanwata ta koya. A lokacin an riga an gaya mana ruwa zai ci gungun, za a mayar da mu tudu. Sai baƙi suka fara zuwa, Turawa masu aikin dam da manyan ma'aikata da matansu, suna yawon shan iska don su ga tsibiran kafin su nutse. Wata rana mai gari ya aiko cewa ana neman macen da za ta shiga jirginsu ta dafa musu kifi irin namu, ta kuma nuna musu tsofaffin wurare. Ni aka zo nema. Amma ina cikin wankan jego, Inna ta ce ko Gwamna ne ya zo da kansa ba zan taka bakin ruwa ba sai na yi arba'in. Aka nemi izinin mijin ƙanwata, aka tafi da ita, da tukunyata.

Da ta dawo, ɗakina ta fara shigowa. An gama watsa mini ruwan zafi da ganye ke nan, ina zaune da ƙwaryar kunun kanwa, gumi na zuba. Ta zauna tana kirana Yaya, Yaya, bakinta ya ƙi rufuwa. Ta ce jirgin fari ne mai inji, da rumfa da kujeru masu laushi, kuma akwai akwatin ƙanƙara a cikinsa, an ba ta lemo mai sanyi har haƙoranta suka riƙe. Ta ce sun kewaye gungun kaf, ta nuna musu ganuwar dutse da kakanni suka gina lokacin yaƙi, da kukokin tsohon gari, da kwarin da dorinai ke kwana. A kan yashi suka sauka, aka kafa laima, suka ci kifin da cokali mai yatsu, wata Baturiya tana hawayen barkono tana neman ƙari. Ta ce ashe gungunmu kyau gare shi in an hango shi daga ruwa rana na dukansa, ta so a ce muna tare. Na yi murmushi, na ajiye ƙwaryar kunun. Ni aka haifa a gungun nan kafin ita, ban taɓa kewaye shi ina zaune a inuwa ba.

Abin bai tsaya nan ba. Na yi arba'in na fito, amma duk baƙon da ya zo, ita yake tambaya. Mata a bakin ruwa suna tsokanarta da uwar jirgi, suna cewa ta ba su hannu su ji ko sanyin ƙanƙara bai gama fita ba. Girkin da na koya mata ya koma ana kiransa da sunanta. Har mijina ya taɓa ce mini in je in ga yadda take yi, wai ko akwai abin da take ƙarawa.

Akwai wani dutse a kan gungun ta arewa inda dattawa ke ajiye kifin farko na shekara. Mu masu salla ma ba mu nuna shi da yatsa, kuma ba a kai baƙo wurin. Ƙanwata da bakinta ta gaya mini cewa tafintan baƙin ya nemi a bi ta can, ta ce masa duwatsun wurin za su fasa jirgi, direba ya kauce. Tana ba ni labarin tana dariyar wayon da ta yi musu. Na san wannan sarai.

Sai ruwa ya fara hawa tun albasa ba ta isa cira ba, lambuna suka nutse a gaban idonmu. Hankalin kowa ya tashi. Ranar nan muna wanki, mata na ta tambayar laifin me muka yi har ruwa ya yi mana gaggawa haka. Sai na ji bakina ya ce ni dai ban ce komai ba, amma a tambayi wadda ta yi yawo da baƙi ko ina da ina ta nuna musu da yatsa. Kafin la'asar maganar ta game gari, ba wanda ya tuna daga bakin wa ta fito. Dattawa suka kira ta. Ta rantse, ta ce a tambayi Yayarta, ta gaya mata komai tun ranar farko. Aka aiko mini. Na ce ina jego a lokacin, ban riƙe abin da ta faɗa ba.

Ranar tashinmu daga gungun ba wanda ya yarda ƙanwata ta shiga kwalekwalensa, wai zai kife. Uwar mijinta ta tsaya a kansa sai da ya sake ta. Ina zaune a namu kwalekwalen a kan kaya, ina kallonta tsaye a kan yashi da 'yarta a baya. Wani baƙon masunci ne ya tausaya ya ɗauke ta zuwa ɗaya gaɓar, mu kuma aka sauke mu wajen Ngaski. Ruwa ya yi faɗi tsakaninmu. Inna ta rasu a sabon gari tana tambayarta. Na sha niyyar haye ruwan, kunya ta hana ni, shekaru suka yi ta wucewa.

Ina cikin takaba wata mata ta zo mini gaisuwa, ta durƙusa ta kira ni Inna. 'Yar ƙanwata ce, ta manyanta. Ta ce uwarta ta rasu tuni. Ta ce har ta mutu ba ta san wanda ya fara maganar ba, kuma ba ta yarda a zage ni a gabanta, kullum cewa take mijin Yaya ne ya hana ta ba da shaida, da son ranta ne da ta tsaya mata. Na buɗe baki in gaya mata gaskiya, kuka ya ci ƙarfina, ita kuma tana ba ni haƙuri a zaton mijina nake wa.

Abin da na gane a tsufana shi ne ba wanda ya ƙwace mini komai, jego ne ya zaunar da ni, rabonta ne ya kai ta. 'Yan'uwana mata, in kuka ji zuciya na tafasa don 'yar'uwa ta samu abin da kuke ganin naku ne, ku kama bakinku, musamman lokacin da jama'a ke neman wanda za su ɗora wa laifi. In kuma kun riga kun faɗa, ku je ku warware tun mai haƙƙin na da rai. Ni na aika a kira mini 'yar nan, zan gaya mata da bakina, in wanke mijina da uwarta. Ko ta yafe ko ta ƙi, wadda ya kamata in roƙa ta riga ta tafi.