Malamar da Ta San Mazaunin "Only"

Shekara talatin da huɗu, kafin a kaɗa ƙararrawar safe Malama tana cikin aji, tana ɗaura igiyar shanya daga taga zuwa ƙusar allo. A kan igiyar take maƙala kalmomin Turanci da ta rubuta a guntayen kwali. Ɗaya take riƙewa a hannu, mai ɗauke da only. Ta sa shi a farkon jimla, ta cire, ta kai shi tsakiya, ta juyo: "To, yanzu me aka ce?"

Takan ce, "Mu muna da 'kaɗai', muna da 'kawai'. Su Turawa guda ɗaya gare su, sai su yi ta canza mata wurin zama. Ku kula da wanda ta zauna kusa da shi."

Ɗalibai suka sa mata Mama Only, wai ta mai da allura garma. Tana ji, ba ta taɓa tankawa ba.

Bara aka gurfanar da wani maigadi a kotu, ana zarginsa da kwashe kayan sito. Tafintar kotun tsohuwar ɗalibar Malama ce. Aka miƙa mata bayanin da maigadin ya dangwala wa yatsa, ta karanta: Only I entered the store. Ta fassara masa, "Ka ce kai kaɗai ka shiga."

"Ni? 'Yata, ban ce haka ba. Mu biyar muka shiga ranar. Cewa na yi shiga kawai na yi, ban taɓa komai ba."

Ɗauri ne ke jiran bawan Allah, ga 'ya'ya shida a gida. Tafinta ta ce wa alƙali, "Ranka ya daɗe, an ajiye kalma a inda ba wurinta ba. I only entered ya kamata a rubuta." Alƙali ya sa aka sake bincike, gaskiya ta yi halinta, aka sallami maigadi.

Ranar da Malama ta ajiye alli, tafinta ta kawo mata shi har aji. Ya durƙusa ya ce, "Malama, ban san ko 'zo in kashe ka' da Turanci ba, amma an ce ke kika fitar da ni." Malama ta dube shi. Sai hawaye suka zubo mata.

Ke ce mai haƙurin maimaitawa, Malama. Ba a ba ki lambar yabo ba, ke ma ba ki nema ba. Mun gode, Allah ya sa ki huta lafiya.

Ku kuma da kuke riƙe da alli yau, kada ku raina ƙaramin darasi don yara suna hamma. Da Malama ta gaji ta tsallake wannan, da yanzu 'ya'ya shida suna layin ziyara a ƙofar gidan yari.