Tudun Doya a Bayan Tanki

Yamusa mutumin wani ƙauye ne a bayan Bwari, ɗan Gbagyi, manomin doya tun kaka da kakanni. Lokacin da farar hula suka dawo mulki, Abuja ta shiga tsiro da benaye kamar naman kaza, sai ya saɓi garmarsa ya shigo birni. Ya samu aikin lambu a Garki, gidan Alhaji Farouk, darakta a wata ma'aikata.

Shekara tara yana nan. Mutum ne da ko muciya ya dasa sai ta yi ganye. Aibinsa ɗaya: bai iya shuka a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba. Fure ne ko tumatir, sai ya tara masa tudu irin na doya.

Wata Asabar Alhaji ya kira shi bayan tankin ruwa, ya zuba masa iri a tafin hannu. Yamusa ya duba, ya ɗago.

"Oga, wannan ai wiwi ne. Hukuma yana kamawa."

"Haba Baba Yamusa! Dokar nan tsohon yayi ce. A Turai a shago ake sayar da shi, kamar ganyen shayi. Wa na cuta in na sha a gidana? In wani abu ya taso, ina nan."

Ina nan ɗin ce ta ci Yamusa. Ya tara tudu goma sha biyu, ya kafa wa kowanne sanda. Abin ya yi kyau har ya leƙa katanga yana gaida maƙwabta. Maƙwabta kuwa suka amsa gaisuwa, suka kira jami'an yaƙi da ƙwayoyi.

Da hantsi suka iso. Babbansu ya zagaya tudun, ya ce, "Wannan ba aikin ɗan boko ba ne. Wa ya yi?"

A garinsu Yamusa manomi ba ya musun aikin hannunsa, abin kunya ne. Ya ce, "Ni ne ya yi." Sannan ya juya wajen Alhaji yana jiran ina nan.

Alhaji ya dafe ƙirji. "Innalillahi! Baba Yamusa, a gidana? Shekara tara ina ganinka kamar uba!"

Shekara uku aka ba Yamusa a gidan yari. A ciki ya tarar da masu wiwi cike da ɗaki: 'yan acaɓa, leburori, wani mai gyaran takalmi. Ya duba gabas, ya duba yamma, babu darakta ko na magani. Matarsa Iyatu ta je gidan Alhaji sau huɗu, sau huɗu maigadi ya ce oga yana mitin.

Ranar da ya fito bai nufi Bwari ba, Garki ya nufa. Ya tsaya a ƙofa har motar Alhaji ta fito. Gilashi ya sauka rabi.

"Baba Yamusa! Ka gani ko? Ai na faɗa maka, dokar nan zalunci ce. Ka zo ranar Asabar, sabon mai lambun ya kashe min fure."

"Oga, garmana na zo ɗauka."

Maigadi ya lalubo ta a bayan tanki, ta yi tsatsa. Yamusa ya kankare bakinta da dutse, ya ɗora a kafaɗa, ya kama hanyar tasha.