Halliru Mai Majigi da Fuskar Manzo

Halliru bai iya zama ba, ko shayi a tsaye yake sha. Da la'asar ta yi sanyi zai ɗaure majigi da farin ƙyalle a bayan babur ya bar Malanbil, yau Garu, gobe Gene, jibi Madekali, injin wuta na biye da shi a amalanke. Gwamnatin soja ce ta ɗauke shi aiki ya riƙa nuna wa ƙauyuka finafinan ci gaba. Yanzu da yake shirin ajiye aiki, gara a faɗi abin da ya yi tun yana ji da kunnensa.

Cikin finafinan akwai na wani mai zanen gine-gine daga Kwatano, wanda ya zana babban rumbun shinkafa na siminti da ke kusa da kogi. Da Faransanci aka yi shi, sai Halliru ya kashe muryar ya ɗora tasa, da yaren Dendi da Hausa. Mai zane yana nuna rufi da sanda yana ta bayani, Halliru kuwa yana kiran sunayen leburorin da ke giftawa a bayansa. Tare suka yi ƙuruciya, babu wanda bai sani ba.

A Garu ne wata mata mai suna Rabi ta miƙe tsakiyar jama'a. Mijinta Manzo ya nutse a kogi bayan an gama ginin, ko hotonsa ba ta da shi. Sai ga shi a ƙyalle da buhun siminti a ka, ya waiwayo, ya wuce.

"Tsaida shi, Halliru, don Allah."

"Yaya Rabi, in na tsaida, wutar majigi na cinye wurin. Shi ɗin za ta ƙona."

"To, maido min shi."

Ya maido, ya sake maidowa. Mutanen Garu shaida ne, duk zuwansa sai an kalli waiwayen nan har masu son ganin fim ɗin kokawa su fara tsaki. Bai taɓa kula su ba.

Kwatsam umarni ya zo daga babban ofishinsu da ke birnin Faraku a mayar da tsofaffin finafinai. Halliru ya kasa cin abinci, ya shiga ya fita kamar kaza mai neman wurin ƙwai. A zamanin nan wanda ya taɓa kayan gwamnati, jandarma ne zai yi masa sallama. Duk da haka ya ɗauki almakashi ya yanke tsawon tafin hannu, daidai inda Manzo ya waiwayo, ya haɗe bakin fim da gam, ya nufi Garu. Rabi ta ɗaga yankin ta haska da rana. Mijinta bai fi ƙwayar shinkafa ba.

"Shi na," ta ce. "Wanga karon ba ya wucewa."

A Faraku shugaban ofis ya sa aka kunna fim ɗin don ya duba, Halliru na tsaye gumi ya jiƙa masa riga. Wurin yankan ya zo, hoton ya ɗan yi tsalle, ya ci gaba.

"Lafiya lau yake," in ji shugaba. "Babu abin da ya ragu."

Ya tsira, amma bai yi murna ba. Har yau in ya tuna sai ransa ya ɓaci, nawa ma haka. An cire mutum sukutum, an ce babu abin da ya ragu.

Kai ne, Halliru, ka ga abin da ya ragu. Kai ne ka sa wuyanka don wata baiwar Allah ta samu fuskar da za ta nuna wa 'ya'yanta. Mun gode, Allah ya saka, ya ba ƙafarka hutu in za ta yarda.

Ku kuma masu ɗaukar fim na manyan gine-gine, ba mu hana ku yabon mai zane ba. Amma idan wani ya gifta da siminti a ka, ku dakata ku tambayi sunansa. Akwai mai jiransa a gida.