Ranar da Aka Canza wa Bi-a-Hankali Dashbod

A tashar da ake lodin ƙauyukan bayan kwalta babu wanda bai san Bi-a-Hankali ba. Direbobi ne suka laƙa masa sunan tun yana da baƙin gashi, don ko gobara ce ta biyo shi ba ya ƙara wa mota wuta. Motar tasa tsohuwar jif ce mai jan ƙafa huɗu, irin wadda ke faɗawa taɓo ta fito tana huci. Da ita ya yi aure, da ita ya gina gidan da yake ciki, a cikinta ya kai matarsa asibiti duk haihuwar da ta yi.

Duk wanda ya zauna a gaban motar sai ya yi wa dashbod ɗinta, allon maɓallan da ke gaban direba, dariya. Rana ta gasa shi har ya tsattsage kamar faso a diddige. Maɓallin waifa mai share gilashi ya ɓace tun tuni, murfin kwalba ya soka a gurbinsa. Na fitila kuma gefe guda ya ɓantare. Ga wata ƙara ta musamman: da zarar gudu ya kai wani mizani, sai wani abu can cikin dashbod ya kama kaɗawa, zirrr, ba ya yin shiru sai an ɗaga ƙafa daga totur. Fasinjoji su ce, “Baba, a gyara wannan abu mana.” Shi kuwa ya ce, “Ku bar ta, kakata ce ke min faɗa.”

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, yanar ido ta fara rufe masa gani. Da farko lambobin agogon gudu ne suka dushe, daga baya allurar kanta ta ɓace masa. Hanya yana ganinta, amma kamar ta bayan labule. Ya kuma san ranar da maganar ta fita, ranar zai bar sitiyari, shi kuwa bai san wata rayuwa ba bayan wannan kujerar. Sai ya koma tuƙi da hannu da kunne. Yatsunsa sun san murfin kwalba, sun san ɓantaren maɓalli. In yana son sanin ko inji ya yi zafi, tafin hannu yake ɗorawa kan babbar tsagar da iska ke fitowa. Gudu kuwa, kakar tasa ke gaya masa ya isa. Ba dabarar yabo ba ce, ganganci ne da rayukan mutane, kuma shi ma ya sani. Yakan kwana yana juyi a kai, gari ya waye ya ɗauki makulli.

Babban ɗansa, wanda ya samu aiki a wani gari, ya zo hutu da zuciya cike da son faranta wa uba. Ya ce a ba shi motar ya kai ta a duba mai da birki. Da ya dawo da ita, unguwa sai da ta fito kallo. An cire tsohon dashbod ɗungurungum, an sa sabo baƙi sumul, da allon gilashi a tsakiya, maɓallai duk a shafe, kowane kamar ɗan'uwansa.

“Baba, shiga ka gani,” in ji ɗan, baki har kunne. “Yanzu ba mai sake yi maka dariya a tasha. Har ƙarar nan na sa an kashe ta.”

Bi-a-Hankali ya zauna, ya kai hannu inda murfin kwalba yake, ya ji wayam. Ya shafa inda tsagar take, ya ji santsi. Ya ɗago ya ga inuwar ɗansa a bakin taga tana jiran magana.

“Allah ya yi maka albarka,” ya ce. “Kai ma naka su yi maka.”

Matarsa na tsaye a ƙofar gida tana kallon yadda yake lalube.

Fitarsa ta farko da sabon dashbod, hadari ya haɗo suna tsakiyar hanya. Mota cike, a gaba kusa da shi wata mata da 'yarta ƙarama a cinya. Ruwa ya tsuge daidai gangaren da ke shiga wani ƙauye. Ya laluba neman waifa, sai rediyo ya ɓarke da kiɗa. Ya danna wani, iska ta buso masa a fuska. Kunnensa na jiran zirrr, shiru, don haka ƙafarsa ta ci gaba da zama kan totur.

“Direba, gudun ya yi yawa!” wani ya yi ihu daga baya. “Ga amalanke!”

Bai gan shi ba sai da ya cika masa gilashi. Ya take birki, motar ta ja gefe, ta sulale ta tsaya a bakin kwalbati. Mai amalanke ya tsira da tsalle. Yarinyar kuwa goshinta ya bugi sabon dashbod, ya fashe. Uwar na danne wurin da gefen mayafi tana kuka, ta juyo ta ce, “Baba, kai da ake cewa a shiga motarka a yi barci? Ba ka ga allurar ba ne?”

A giya ɗaya ya rarrafa da su har ɗakin shan magani na ƙauyen, aka ɗinke goshin yarinyar yana tsaye a waje, ruwa na dukansa.

Washegari ya nemi garejin da aka yi aikin, wani lungu mai warin gam da ƙonannen roba. Ya ce wa mai garejin tsohon dashbod ɗinsa yake so a mayar masa. Mutumin ya kai shi bayan shago, ya nuna masa shi cikin tarkace, a karye gida biyu.

“Sai da muka ɓalla shi kafin ya fito, Baba. Wannan ya gama aiki.” Ya lalubi wani gwangwani a kan teburinsa, ya miƙo masa ɗan ƙaramin noti mai tsatsa. “Ga ma abin da ke damun ku da ƙara. A kwance muka same shi bayan aljihun mota. In kana son kayanka, sai in jefa maka shi cikin sabon, ko zai yi kukan.”

Da wasa ya faɗa, amma Bi-a-Hankali ya daɗe yana juya notin a tafin hannu. Zai iya cewa a saka. Zai iya manna murfin kwalba kan sabon maɓalli, ya koma tasha kamar ba a yi komai ba. Sai goshin yarinyar nan ya dawo masa. Noti na iya gaya masa gudu ya yi yawa, amma ba zai nuna masa amalanke ba. Ya sa shi a aljihu, ya yi sallama.

A gida matarsa ta ajiye masa shayi, ta kama hannunsa ta ɗora kan kofin.

“Tun yaushe kike min haka?” ya tambaye ta.

“Tun ranar da ka gaishe da randa a tsakar gida, Malam, ka zaci ni ce.” Ta zauna kusa da shi. “Kullum ka fita sai cikina ya ɗuri ruwa. Na rasa bakin da zan gaya maka.”

Ya sa aka kira masa ɗan. Yaron ya shigo da fara'a yana tambayar yadda sabon dashbod ya yi a hanya. Da ya ji abin da ya faru, da dalilinsa, sai ya durƙusa a gaban uban ya kasa ɗaga kai.

“Baba, ni na jawo. Da na tambaye ka.”

“Da ka tambaye ni, da na yi maka ƙarya. Tashi. Gobe ka kai ni wurin likitan ido.”

Da safe ya miƙa masa makullin, ya zagaya ya shiga ɗaya gefen, kujerar da bai taɓa zama a kanta ba tunda ya sayi motar. Jinin yarinyar an goge shi, amma ya san daidai wurin. Suka wuce ta gaban tasha, direbobi na ɗaga hannu suna kiran sunansa, ɗan ne ke amsa musu da hon. Bai san ko likita zai ce za a iya cire yanar ba, ko zai ce an makara. Ya rasa inda zai ajiye hannuwansa, sai ya tura ɗaya aljihu ya damƙe notin.

Da suka hau kwalta motar ta miƙe shiru, ba ƙara ko ɗaya.

“Rage gudu,” ya ce.

“Baba, ai a hankali nake tafiya.”

“To,” in ji shi. “Ni ba ni da yadda zan sani.”